Itatuwan da Verlon Ya Nutsar

A garinmu idan ka ga Verlon Gatlin a zaune, to ko dai tuƙi yake yi ko kuma likita ne ya tsare shi. Ko a coci ƙafarsa ba ta daina kaɗawa, benci gaba ɗaya ya riƙa rawa har sai matarsa Earlene ta ɗora masa jakarta a gwiwa. Shekara talatin da huɗu ya yi a injin yanka katako na bakin titin jirgi, kuma ko abincin rana a tsaye yake cin abinsa. Ni Hoyt tare muka tashi da shi, tare aka sha korar mu daga aji, ni ne kuma babban abokin ango ranar aurensa. Na faɗi wannan ne don a san wanda na cuta ba baƙo ba ne.

Duk wannan rashin zaman somin taɓi ne. Ainihin ciwon yana tashi ne a ƙarshen Maris, idan sanyin Mississippi ya ja da baya, itatuwan dogwud suka yi farin fure a gefen daji. Lokacin ne kifin kirafi ke barin zurfin tafki ya nufo gaɓa zai yi ƙwai, kuma kafin ya ƙaraso sai ya yada zango a duk inda ya sami rassan itace a ƙarƙashin ruwa. Daga ranar da Verlon ya ga furen farko, Earlene ta san ta yi asarar miji sai Mayu.

Kowa a nan yana nutsar da itace. Bayan Kirsimeti sai ka bi unguwa da a-kori-kura kana kwashe itatuwan da mutane suka gama ado da su, ka ƙara da itacen sida daga daji, ka ɗaura wa kowanne bulo, ka kai tsakiyar tafki ka sake shi. Doka ta ce da zarar itace ya nutse ya zama na kowa. Mu ba mu ce haka ba. A wurinmu wanda ya jefa fatsa a kan tarin wani, ɓarawo ne, kuma na san 'yan uwan juna biyu da suka shekara tara ba sa gaisawa a kan haka.

Verlon kuwa ya fi kowa ɓoyo. Sai ya jira ranar Janairu da ake yayyafin ƙanƙara, ranar da mai hankali ba ya fita, sannan ya kai nasa. Ba ya rubutawa, ba ya yarda da na'ura. Da ido yake riƙe wuri: ya jera abu biyu a wannan gaɓar, ya jera biyu a waccan, inda layukan suka haɗu nan ne. Idan yana kamu ya hango jirgi tafe, ko da rabin mil ne, sai ya naɗe ya matsa. Ka tambaye shi a bakin ruwa, kularsa cike har murfi ba ya rufuwa, ya dube ka ido cikin ido ya ce, "Yau ko ɗaya, mutumina. Iska ta ɓata ruwa." Ni da nake amininsa, gefen ciyawa yake kai ni, inda kowa ke zuwa.

Abin ya daɗe yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Wata Janairu ina kan bishiya a tudun gabas ina dakon barewa, da madubin hangen nesa a wuyana, sai ga ɗan koren jirginsa shi kaɗai a kan ruwa, ya yi lodin itace har ba a ganin mai tuƙi. Da na kau da kai, da shi ke nan. Ban kau da kai ba. Na kalle shi har ya gama, na kafa alamomina, kuma da dogwud ya yi fure na je. Ranar Laraba nake zuwa, domin ranar ce yake kai Earlene asibiti ana ƙara mata ruwan magani. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni kunya a duk labarin. Janairun da ta biyo baya ma na koma kan bishiyar nan, kuma ba barewa ce ta kai ni ba.

Earlene ta rasu. Bayan wasu shekaru ciwon sukari ya fara cin idon Verlon, har 'yarsa Nadine ta zo daga Memphis ta karɓe makullin mota. Mutumin da bai iya zama ba aka ce ya zauna. Sai ya koma zagaye tsakar gida, hannu a kan shinge, daga ƙofa zuwa inda jirginsa ke kife, ya dawo, har ya fitar da hanya a cikin ciyawa. Shekara huɗu bai taka ruwa ba. Na yi ta cewa ya zo mu fita a nawa jirgin, yana cewa a'a, don ya san idan ya fita dole ya ari idon wani, wanda ya ara maka ido kuwa ya ga wurinka.

Ranar wata Alhamis da hantsi sai ga shi a ƙofata, ya lalubo hanya da sandar fatsarsa ta gora.

"Hoyt, ya yi fure?"

"Tun shekaranjiya."

"Na ji a jikina. Nadine za ta zo jibi da motar kaya. Ta ce ta gyara mini ɗaki a bene, wai har da kujera mai lilo." Ya tofar da yawu. "Ɗauko makulli, tsoho. Yau zan nuna maka abin da ka shekara hamsin kana roƙo."

Na san inda za mu, amma na ɗauko.

A cikin jirgi ma bai zauna lafiya ba. Ya taɓa bokitin ƙananan kifin koto, ya taɓa ƙugiya, ya tsoma hannu a ruwa ya ce ya yi ɗumi daidai, ya ce ina tuƙi kamar mai kai gawa. Da muka wuce bakin tsohon rafi sai ya rage murya, ko da yake babu kowa sai mu da tsuntsaye.

"Saurara, sau ɗaya zan faɗa. Ka sa tankin ruwan gari ya hau kan hasumiyar coci. Ka riƙe shi a haka, ka yi ta tafiya har busasshen itacen nan na bakin fadama ya zo daidai jan rufin gonar Pettis. Nan ne. Shi ne na farko da na nutsar, shekarar da aka haifi Nadine, kuma babu kamarsa."

Na duba. Ga tanki, ga hasumiya, ga jan rufi. Busasshen itacen kuwa guguwa ta kayar da shi shekara biyu da suka wuce, ko kututture bai rage ba.

To ga inda na tsinci kaina. Idan na ce itacen ya faɗi, mu koma gida hannu wofi, jibi a ɗauke shi zuwa bene. Idan kuma na kai shi, to da alamomina na kai shi, na ɓarawo. Sai na yi abin da matsoraci ke yi, na fara zagaye. Na tsaya a nan, mu jefa, shiru. Na matsa can, shiru.

"Kai wai ni ne makahon ko kai?"

"Rana ce ke kashe mini ido."

"Rana tana bayanka, ina jin ta a ƙeyata. Ka ga itacen ko ba ka gan shi ba?"

"Ina dai dubawa."

"Dubawa! Shekara saba'in da huɗu kana dubawa. Matarka ma ita ta gan ka, ba kai ka gan ta ba."

Ya miƙe tsaye, jirgi ya karkata, na daka masa tsawa ya zauna, ya sake miƙewa. Mun fi awa ɗaya a haka. Iska ta fara tasowa daga kudu, kuma idan ta yi ƙarfi a tafkin nan ƙaramin jirgi ba ya tsayuwa. Sai na ga ya daina zagina. Ya ɗora gorar a cinya, ya juya fuska wajen gaɓar da ba ya gani, ƙafar nan tana ta bugun ƙasan jirgi. Zagin na iya ɗauka, shirun ne ya fi ƙarfina.

Na tayar da inji. Na sa bishiyata ta tudun gabas a kan farin dutsen bakin ruwa, yadda na saba, na tafi kai tsaye, na saki bulon da ke riƙe mana jirgi.

"Ga busasshen itacen nan ya hau kan jan rufin," na ce.

Ya laƙa koto da yatsu, ya saki zare yana aunawa da hannu, ƙafa goma, goma sha ɗaya. Bai kai ga numfashi uku ba sai na ga wuyan hannunsa ya motsa. Bai fizga ba, don bakin kirafi ba ya son fizga, ya ɗaga a hankali, sai ga shi ya fito yana walƙiya, faffaɗa, mai dabbare-dabbare. Verlon ya rungume shi a ƙirji, ya shafa shi daga baki har wutsiya, ya fashe da dariya irin wadda rabona da ji tun Earlene na da rai.

"Ka gani, ja'iri? Ka ga abin da ake kira wuri?"

Ya kama na biyu, ya kama na biyar. A na takwas ƙugiya ta maƙale. Ya girgiza, ya ja, ta fito da ɗan reshe tsawon yatsa. Na miƙa hannu zan cire masa, ya riga ni. Ya murza ganyen, ya karya reshen, ya kai hanci.

Itace a ruwa shekara uku ne ko huɗu, ganye ya zube, rassa su ruɓe, kifi ya watse. Nasa da tuni sun zama laka. Tun da idonsa ya tafi, ni nake zuwa duk Janairu cikin yayyafin ƙanƙara ina ƙara sabo, kuma wanda ke hannunsa na bana ne, ƙanshin sida bai gama fita ba.

"Hoyt."

"Na'am."

"Busasshen itacen nan, yana nan tsaye?"

"Ya faɗi."

"Na sani. Pettis ya gaya mini tun a makon da ya faɗi." Ya ci gaba da juya reshen a yatsunsa. "Shekara nawa kana zuwa nan?"

"Goma sha ɗaya."

Na ga yana ƙirgawa da baya a ransa, na kuma ga lokacin da ya iso kan Larabar asibiti. Fuskarsa ta canja. Na jira ya ce in mayar da shi gida, kuma da ya faɗa da ban ga laifinsa ba. Ruwa yana ta dukan gefen jirgi. Can na lura ƙafarsa ta tsaya cik, abin da ban taɓa gani ba tun muna yara.

"Ɓarawo," ya ce a hankali. "Ɓarawon banza, mai shiga gidan mutum ya sace, ya kuma tsaya ya gyara rufi." Ya sa reshen a aljihun riga. "To ai ba ka gama da ni ba. Akwai sauran shida da ba ka sani ba."

Na yi gyaran murya.

"Biyar?" ya ce.

"Biyu," na ce.

Ya zage ni tas, ya haɗa da kakana. Sannan ya ce in matso, ya faɗa mini alamomin ɗaya daga cikin biyun, sau ɗaya, da ƙaramar murya. Ya ce in riƙa ƙara masa itace uku duk shekara, kuma in na gaya wa wani sai ya dawo daga Memphis da ƙafa.

"Ɗayan fa?" na ce.

"Ɗayan nawa ne."

Da yamma muka soya kifin da garin masara a bayan gidansa, ya ci a tsaye. Ranar Asabar Nadine ta zo da motar kaya. Ya yi shekara biyu a benen nan, kuma duk ƙarshen Maris sai waya ta yi ƙara, ko gaisuwa babu: "Ya yi fure?" A shekara ta uku wayar ba ta yi ƙara ba.

Na san ɗayan yana wani wuri a gefen yamma, don na sha ganin jirginsa ya ɓace ta bayan tsibiri. Bara surukina ya kafa mini na'urar nan mai nuna ƙasan ruwa, wadda ko kwalba ce a laka sai ta fito a allo. Yini ɗaya zai ishe ni in gano wurin, ko da itacen ya ruɓe bulon yana nan. Idan na zagaya bayan tsibirin, kashe ta nake yi.