Wadda Ta Koya Mana Lissafi

Littafin lissafi ɗaya ne mai cikakkun shafuka a laburaren makarantarmu, shi ya sa ni da ƙawata, wata 'yar Tangale daga unguwar Herwagana, muke haɗa kai a kansa bayan an tashi. Muna aji shida, kuma dukanmu ba ma gane komai.

A shekarun nan ne na gudun hijira aka kawo mana wata yarinya daga Borno. Ita da mahaifiyarta suna zaune gidan kawunta a unguwar Tumfure. Ba ta magana a aji. Wata rana ta tarar da mu muna ta fama da wata tambaya, ta tsaya a bayanmu jim kaɗan, sannan ta ce, "Kun tsallake layi ɗaya."

Ta karɓi birona ta nuna mana. Daga ranar teburin ya zama namu mu uku, daga baya muka kai takwas. Ita ta riƙe lissafi, ƙawata Turanci, ni kuma ina karanto tambayoyin shekarun baya. Malamar laburare ta daina ce mana mu yi shiru. Abu ɗaya yarinyar ta roƙa, a bar mata kujerar da ke kallon ƙofa.

Da aka liƙa sunayen masu rubuta jarrabawar fita, babu nata. Muka tafi ofishin shugabar makaranta mu bakwai.

"'Ya'yana, da ƙafata na je ofishin hukumar jarrabawa," in ji shugabar. "Sun ce sai an kawo sakamakonta na aji huɗu da na biyar."

"Hajiya, ai an ƙona makarantar tasu," na ce.

"Na faɗa musu."

Daga nan ta ce mu koma aji.

Na zaci yarinyar za ta daina zuwa. Ba ta daina ba. Kullum sai ta hau keke daga Tumfure ta zo ta gyara mana aiki. Ni kuma sai na riƙa kawo mata gyaɗa.

Na ci lissafi. Da sakamako ya fito na tafi Tumfure in faɗa mata, matar kawun ta ce ai sun wuce Bauchi tun da damina, wai an ji labarin mahaifinta a can. Na nemi lambar waya, ta duba ta ce ba ta da ita.