Amsar da Abdussalami ya zaɓa wa kambo

Lokacin da na san Abdussalami Salih, kafin yaƙin nan ya ɓarke, ya riga ya haura sittin. Duk rayuwarsa a Kambon Ɗanjuma ya yi ta, a bakin tur'a, wato babbar magudanar ruwan noma, a gefen garin Managil. Kambo unguwar leburorin gona ce. Kakansa ya baro ƙasar Sakkwato da niyyar aikin hajji, guzuri ya ƙare masa a Jazira, yankin da Managil yake, ya tsaya tsinkar auduga, bai ƙara gaba ba. Abdussalami ya gaji wahalar. Gyaɗa da dawa yake nomawa a gonar wani, in an girbe a raba. Gidansa na laka ne, mahaifinsa ya gina. Ba shi da takardar fili, kuma duk kambon babu mai ita.

A da sai an hau keken jaki ake isa Managil. Sannu a hankali gidajen bulo suka matso, har ana jin kiran sallar garin daga tsakar gidansa. Wannan matsowar ce ta hana shi sakewa. Yana saurayi ya ga abin da ya sami wani kambo a wajen Hasahisa. An zo an rubuta sunaye, aka ce feshin sauro za a yi, bayan damina sai ga katafila ta rushe kambon.

Shi ya sa da aka yi shela a kasuwa cewa wani kwamitin raya gari zai bi gida-gida yana tambayar mutane halin ruwa, asibiti, makaranta da shara, Abdussalami ya tsayar da maza bayan sallar la'asar.

"Duk wanda ya ce babu ruwa, babu magani, ya miƙa musu hujja," in ji shi. "Za su ce wurin nan bai dace da zaman mutane ba, su kwashe mu, wai don lafiyarmu. Ko mi suka tambaya, ku ce alhamdu lillahi. Ai ba ƙarya kuka yi ba."

Alhasan mai agashe, wanda ke gasa nama a tashar mota, ya ce, "To, Baba, tsargiyar da ke sa yaranmu fitsarin jini fa?"

"Yaushe ka zama likita? Je ka juya namanka, yana ƙonewa."

Aka yi dariya, aka kuma bi maganarsa.

Wadda aka turo musu budurwa ce mai suna Lubna, da waya a hannu tana shigar da amsoshi. Ta gaishe su da Larabci, sannan ta ƙara da Hausa mai tuntuɓe, ta ce kakarta Bahaushiya ce, mutumiyar wajen Dindir. Ta zaci hakan zai kwantar musu da hankali. Abdussalami kuwa sai ya ƙara tsuke fuska. Ya gaya mini daga baya: "Da sun zo da alheri, mi zai sa su nemo mai jin maganarmu?"

Tun da safe ya sa an sayo ruwan famfo daga gari an cika randar zaure. Mutanen kambo ruwan tur'a suke sha, a jefa masa alif ya kwanta, amma ba sa ba baƙo shi. Abin kunya ne a wurinsu, ko da baƙon mai tambaya ne. Lubna ta sha ruwa garau mai sanyi, ta yi godiya.

"Baba, yaya ruwan sha a nan?"

"Ke ma kin sha."

"Asibiti fa, da nisa?"

"Lafiya lau muke, ɗiyata. Allah ya tsare mu da asibiti."

Haka ta ji a gida na biyu, haka a na uku. Ko'ina an shimfiɗa mata tabarma, an dafa shayi, an kora yara marasa lafiya ɗaki. Ta nemi ganin mata, aka ce suna aiki. Hannatu, ƙanwar Abdussalami da mijinta ya rasu, tana bayan zana tana jin komai. Ta yi gyaran murya sau da yawa, yayanta ya yi kamar bai ji ba.

Bayan girbi kwamitin ya karanta sakamako a bainar jama'a. Kambon Ɗanjuma ne ya fi kowace unguwa gamsuwa da rayuwarsa. Bututun ruwan da kwamitin zai ja a shekarar ya tafi wata sabuwar unguwa a arewa, inda mutane suka yi ta ƙorafi.

Na nemi Lubna na tambaye ta ko ta yarda da abin da aka gaya mata. Ta ce a'a, domin ta ga mata da jarka a bakin tur'a, kuma ta faɗa a ofis. Amma amsar mutane ake tattarawa, ba zaton mai tambaya ba. Sannan ta ƙara wani bayani. Unguwar da aka ja wa bututu tilas a sa ta a taswirar gari, a yanka mata tituna. Wadda ba a ja wa ba tana nan a matsayin filin gona, ana iya ba wani.

Da na kai wannan bayanin, Abdussalami ya dube ni ya ce, "Kai ma su suka aiko ka?"

Hannatu ba ta jira amsata ba. Ta fito da ludayi a hannu.

"Yaya, kai ka ce mu yi shiru don kada a tashe mu. Ga shi shirun ya bar mu a waje. Ka ba baƙuwa ruwan saye, jikokinka na shan laka!"

"Ke dai ba ki ga katafila ba."

"Na ga fitsarin jikana da safen nan."

A makon ta tara mata, suka cika jarka da ruwan tur'a ba tare da alif ba. Abdussalami ne ya ɗaura wa jaki keke ya kai su, amma ya ƙi shiga ofishin. Ya zauna a inuwar dogon yaro, ya riƙe linzami. Matan suka ajiye jarkar a kan teburin sakatare. Aka ce musu rabon bana ya wuce, amma za a sake turo mai tambaya, kuma wannan karon za a shiga wurin mata.

A hanyar komawa Hannatu ta ce wa Abdussalami ya yi wa maza magana su faɗi gaskiya. Sai da suka tsallake gadar tur'a ya ce ba zai hana kowa ba, amma shi ba zai ce wa hukuma gidan ubansa ba ya zaunuwa ba. Ranar da mai tambayar ta dawo, ya ɗauki fartanya ya tafi gona tun da hantsi, ya bar wa Hannatu zauren.