Ranar da 'Yan Majalisa Suka Tura Motar Gangare

Wai an ce ɗan gwaggona, direban motar asibiti, ya kama 'yan majalisa kwamiti guda, ya ɗaure su da igiya a gaban motarsa, suka ja shi har bakin titi yana kaɗa musu bulala. A shagon mai aski har an ƙara da cewa ya sa shugabarsu ta yi masa jiniya da baki. Jama'a, ku ji tsoron Allah. Mutumin da ko kazar matarsa ce ta harare shi sai ya ba ta hanya? Babu igiya, babu bulala. Turi dai an yi, kuma a kan idona, don ranar na je karɓo wa gwaggo magani.

Gangare muke ce masa. Sunansa na yanka ko gwaggo sai ta yi tunani kafin ta tuno. Motar ce ta ja masa. Tsohuwa ce fara, kik ɗinta mai tayar da inji ya mutu tun babbar 'yarsa tana rarrafe, ga ta yanzu tana goyon ƙannenta. Tun daga lokacin bai ƙara ajiye mota a shimfiɗaɗɗen wuri ba. Bayan ɗakin wankin asibiti akwai wata 'yar gangara, nan yake kafa ta, hanci ƙasa, dutse a gindin taya. In kira ya zo sai ya shure dutsen, ya faɗa ciki, ta gangara, ya saki kuloci, ta yi tari ta kama. Babu gangaren da bai sani ba a garin. Matarsa ma ta rantse ba kyanta ya gani ba, gidansu ya gani a kan tudu.

Inda babu gangare kuwa sai turi. Ƙofar direba ba ta rufuwa sai an maka ta da ƙarfi, ƙarar nan ta zama kamar ƙararrawa a asibitin. Da an ji garam, nas ta ajiye tire, maigadi ya jingine sanda, masu shara su yar da tsintsiya, mai lemon bakin ƙofa ya bar wuƙarsa, duk su jeru a bayan mota. Babu mai kiran wani.

Shi ko yana son motar nan kamar shi ya haife ta. A kanta yake ci, a kanta 'ya'yansa suke zuwa makaranta, gwaggo ma da ita take taƙama a gidan suna.

Ana nan sai minista ya miƙe a majalisa ya ce an gyara motocin asibiti kaf, kowacce murɗa makulli ɗaya take tashi. 'Yan majalisa suka ce to madalla, bari su je su gani da idonsu. Sun leƙa gidan yari, sun leƙa tashar mota, yanzu layi ya zo kan asibitin su Gangare.

Sakataren asibiti ya kira shi ofis. "Gobe ka wanke ta, ka kawo ta nan gaba inda baƙi za su gan ta."

"Ranka ya daɗe, gaban ofis fa shimfiɗe yake kamar faranti."

"Wannan kai ta shafa. In ta kunyata mu, ka ajiye makulli ka kama gabanka."

Gangare ya fito ya nufi gangarensa. Ya zaga motar, ya sake zaga ta, can dabara ta faɗo masa: ya tayar da ita a gangarensa tun da safe, ya kawo ta gaban ofis, ya bar ta a kunne. Motar da ke kunne wa zai ce a kunna ta? Sakatare da ya ji ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ashe akwai kai a ƙarƙashin hular nan."

Baƙi suka iso rana ta take. Shugabar kwamiti 'yar ƙaramar mace ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. A bayanta akwai wani ɗan majalisa mai tumbi, wanda cikinsa ke riga shi shiga ɗaki ya gaisa da mutane kafin shi ya ƙaraso. Sakatare ya kama lasifika ya shiga jawabi. Motar kuwa tana gefe tana gurnani, bututun salansa na aman hayaƙi, mai tumbi ya fara tari. Daɗin jawabi ya kwashi sakatare, ya ga ana rasa zaƙin maganarsa, ya juyo a fusace.

"Kai direba, kashe mana abin nan!"

Gangare ya ƙifta masa ido, ya sake ƙiftawa har fuskarsa ta karkace. "Ranka ya daɗe, in kashe ta kashewa?"

"Da wane baki zan gaya maka?"

Ya kashe. Wurin ya yi tsit. Sakatare ya ci gaba, yana tsakiyar yabon minista sai muryarsa ta sirance, ya tuna abin da ya yi da bakinsa.

Da aka gama tafi, shugaba ta zaga motar ta ce, "Direba, tayar mana mu ji."

Gangare ya shiga yana karanto duk addu'ar da gwaggo ta koya masa. Niyyarsa ya murɗa makulli ya ce yau ne kawai ta yi gardama. Ya jawo ƙofa, garam! Kafin hannunsa ya kai makulli, nas ta ajiye tire, maigadi ya jingine sanda, masu shara suka yar da tsintsiya. Ya duba madubi ya ga asibiti guda a bayansa, kowa ya dafa, an sunkuya ana jiran ya ce bismillah.

Shugaba ta sauke tabarau. "Me kuke yi haka?"

Mai lemo ya ce, "Turawa mana, uwata. Ke kama nan wajen fitila, ya fi sauƙi."

Ta dubi sakatare, sakatare ya dubi takalminsa. Ta miƙa wa nas jakarta ta ce wa 'yan'uwanta, "Minista ya ce murɗa ɗaya. Ku zo mu ji nauyin murɗar." Haka suka dafa. Mai tumbi ya bar takalmi ɗaya a hanya, sai dab da bakin ƙofa motar ta yi tari, ta fesa wa farar rigar sakatare baƙin hayaƙi.

Kafin la'asar an karɓe makulli. Gangare ya koma gida ya zauna a tsakar gida yana kallon bango. Gwaggo ta daina fita. Matarsa ta ajiye masa abinci ta ɗauke shi yadda yake.

Sai ga kira daga majalisa. Ya sa rigarsa ta aure, wadda yanzu maɓallanta ke neman agaji. Ɗakin sanyi kamar cikin firji, ga minista a gefe da kwalbar ruwa. Gangare ya ƙudura ba zai ɓata kowa ba, ko a mayar masa da aikinsa. Shugaba ta tambaye shi lafiyar motar.

"Ranki ya daɗe, lafiyarta ƙalau. Turi kawai take so."

Aka fashe da dariya. Shugaba ba ta yi ba. "In babu masu turi fa?"

Ya murza hularsa. Can ya ce akwai ranar da ya je ɗauko wata mai naƙuda a wani gidan gona, fili fetal, motar ta mutu a ƙofar gida. Daga mijin sai wata tsohuwa. Mijin ya tura har ya faɗi, ya tashi ya sake turawa, matar tana ciki tana zubar da jini, shi kuma yana riƙe da sitiyari ba halin ya sauka. "Allah ya yi da sauran kwananta," in ji shi. "Amma har yau in na ga mutumin a kasuwa sai in canja hanya."

Babu wanda ya ƙara dariya. Shugaba ta juya ga minista ta ce majalisa na sauraronsa. Minista ya sha ruwa, ya ƙara sha, har na ji an ce sai da aka sake kawo masa wata kwalbar. Shugaba ta ce a gyara motocin, kuma za su dawo ba tare da sun aiko ba. Sannan ta dubi Gangare.

"Ina makullinka?"

"Yana wurin sakatare."

"Yau ya dawo hannunka. Wanda ya taɓa aikinka, nan zai zo ya zauna inda kake zaune."

Yanzu motar murɗa ɗaya take tashi. Amma jiya da na bi ta bayan ɗakin wanki, ga ta nan hanci ƙasa, dutse a gindin taya. Na ce, "Kai Gangare, bawan gwaggo, an yi maka sabon kik kana nan kana bautar tudu? Ko so kake a sake aiko maka da mai tumbi?"

Bai ko ɗago daga goge gilashi ba. Ya ce, "Majalisa tana tafiya hutu, gangarena ba ya zuwa ko'ina. Kuma ita wannan ko a da, in an tura ta tana tashi. Kai fa? Tun muna yara kawu, babanka, ke tura ka makaranta, har yau ko tari ba ka yi ba."