Malam Saïdou da Kaset ɗin Cikin Shinkafa

Kullum da safe Malam Saïdou zai sauko daga taksin unguwar Alibandeng, ya buɗe 'yar butik ɗinsa, wato shagon sayar da kaset, a kasuwar Mont-Bouët, wadda ke matse tsakanin mai atamfa da mai gyaran salula. Kafin ya taɓa tsintsiya sai ya jawo wani gwangwanin madara daga ƙarƙashin tebur. Ɗanyar shinkafa ce a ciki, kaset ɗaya kwance a tsakiyarta. Zai fito da shi ya hure, ya zura biro ya juya zaren a hankali, ya duba ko fumfuna ta kama, sannan ya mayar. Wanda ya san damshin garin nan ba zai yi mamaki ba. Takalmi ma in ka manta da shi a lungu sai ya tsiro gemu, balle zaren kaset. Shinkafar ce ke shanye laimar.

Sama da shekara talatin ke nan yana wannan hidima, kuma yawancinsu dariya aka yi masa.

Muryar da ke cikin kaset ɗin ta Aliou ce, abokinsa ɗan Tasawa, mai dakon katako a tashar jirgin ruwa ta Owendo, mai kaɗa gurmi in gajiya ta bar shi. A butik ɗin nan Saïdou ya ɗauki muryarsa, ranar da ruwa ya ƙi tsayawa. Damshi ya sa fatar gurmin ta saki, sautin ya fito a shaƙe, ga ruwa na dukan kwanon rufi.

Ba ma wannan ne babban laifin ba. A lokacin, mawaƙi in zai yi kaset sai ya wasa manyan kasuwa, Alhaji wane da Alhaji wane, su kuma su saye da kwali su kai gida tsaraba. Aliou bai kira alhaji ko ɗaya ba. 'Yan dako ya kira, da masu gadi, da direbobi, waɗanda suka baro gida Nijar suka mutu a nan ƙasar baƙunci, aka rufe su babu dangi a kusa. Kowa da sunansa da na ubansa da garinsu.

Kai, ranar da aka fara kunna kaset ɗin sun sha ba'a! Wani mai atamfa ya ce, "Wannan waƙa ce ko zaman makoki?" Wani ya ce ai gurmin ma mura yake yi. Sunan da ya bi shi ke nan, kaset mai mura. Aliou ya kasa haɗa ido da mutane, ya tattara ya koma gida Tasawa. Da zai tafi ya ce, "Saïdou, goge shi ka ɗora wa'azi a kai, ko lada ma samu." Saïdou ya ce to, amma bai goge ba. Bayan 'yan shekaru labari ya zo cewa Aliou ya riga mu gidan gaskiya, bai taɓa jin wani ya yaba masa ba.

Kai ne ka zauna da kaset ɗin, Malam Saïdou. Sa'o'inka suka koma gida ɗaya bayan ɗaya, uwar 'ya'yanka ta rasu can Nijar, faifai ya kori kaset, salula ta kori faifai, kana nan. Duk Juma'a bayan masallaci sai ka kunna shi, kai kaɗai kake saurare, masu wucewa suna cewa tsoho ya fara ruɗewa. Wallahi abin da ciwo.

Wata Juma'a Djamila, ma'aikaciyar jinya haifaffiyar garin nan, tana jiran a gyara mata salula a maƙwabta, sai ta ji an ce, "Abdulrauf ɗan Maman, na Dakoro, mai gadin katako." Ta leƙo butik ɗin.

"Baba, don Allah maido baya."

Ya maido.

"Babana ne," in ji ta. "Ina goye ya rasu. Ban taɓa jin an kira sunansa a bainar jama'a ba."

Saïdou ya share mata benci, ya ce, "Zauna, 'yata. Dogo ne, mai yawan dariya. Na san shi."

Ita ta ɗauki waƙar a salularta, daga nan ta bazu har Maraɗi da Garwa. Yanzu ba a tashin biki a unguwa sai an sa ta, manya da yara su yi tsit suna jiran sunan nasu. Masu ilimin kiɗa sun ce shaƙewar gurmin nan da ƙarar ruwan su ne daɗin abin. 'Ya'yan masu ba'ar jiya kuwa har cewa suke, ai gidansu tun da can an san darajarsa. To, Allah ya kyauta. A duk wannan yabo ba ka jin an ambaci wanda ya yi ta sauya shinkafa.

Ƙarshen watan nan Malam Saïdou zai rufe butik, idanunsa sun daina ganin fumfuna. Ya damƙa wa Djamila gwangwanin, ya ce ta riƙa sauya shinkafar duk shigowar damina, kada ta yarda da salula, salula faɗawa ruwa take.

Wanda ya saurari kaset ɗin har ƙarshe ya san yadda yake ƙarewa. Aliou ya gama da mamata, ya ja numfashi, ya ce, "Saura mai rai guda ɗaya, abokina mai kaset…" Nan zaren ya ƙare. Djamila ta tambaye shi ko abin ya taɓa damunsa. Ya ce, "Da an ƙara mana ko taƙi ɗaya na zare, da na so."

Mun gode, Malam. Duk mai riƙe da wani abu da aka raina, ya dube ka ya ƙara haƙuri. Abin da zaren bai ɗauka ba kuma, ga shi mun ƙarasa wa Aliou: Saïdou ɗan Hamadou, na Madawa, mai kaset.