Goran da Illo Ya Ɗaura a Ƙofar Gidansa

A tsibiri aka haifi Illo, tsakiyar kogin Kwara, kuma tun bai kai ɗaukar filafili ba yake cikin jirgi. Fito ne sana'arsa: ya ɗauki mutane da kayansu ya tsallakar da su kasuwar Wara, ya komo da su. Mutum ne mai tsantseni har ya yi yawa. Kafin kowa ya sa ƙafa sai ya bi jirgin da tafin hannu yana neman tsaga, in ya ce jirgi ya cika kuwa, ko surukarsa ce a bakin gaɓa sai ta jira sahu na biyu. Mata 'yan kasuwa sun sha yi masa tsiya, wai ya fi kaza mai 'ya'ya tsoro.

Shekarar da aka datse ruwa a Kainji aka kwashe mutanen tsibirin zuwa sabon gari a kan tudu. Ruwa ya hau a hankali, ya ci gonaki, ya ci ɗakuna, ya bar itatuwa tsaye. Da suka mutu rassan sama suka kakkarye, kututturen suka rage a ƙarƙashin ruwa, ba mai ganinsu. Jirage biyu suka fashe a shekara ɗaya.

Illo kuwa ya san ƙasar nan tun tana busasshiya. Ya san inda tsamiyar maƙera take da layin giginyun bakin fadama. Sai ya riƙa fita da gwangwala yana zungurar ruwa, inda ya taɓa ice ya auna zurfinsa. Wanda ke kusa da saman ruwa sai ya yi nutso ya ɗaura masa igiya mai tsawo da busasshen gora, don goran ya yi ta yawo a bisa ruwa ko ya cika ko ya janye, masu jirgi su gani su kauce. Ba wanda ya sa shi. Sahabi, abokin fitonsa, ya ce Illo ya zama makiyayin goruna, amma shi ma ta tsakaninsu yake bi.

Ice ɗaya ne bai ɗaura wa komai ba, kanyar ƙofar gidansu ta tsibiri. Ya auna ta lokacin kaka, ruwa na cike, gwangwala ta nutse duka ba ta taɓa ta ba, ya ce wannan ba ta da haɗari. Gaskiyar magana, bai so ya same ta da laifi ba. Matarsa Hansatu tana kai bandar kifi Wara, kuma duk ranar kasuwa sai ya ɗan karkata hanya ya bi ta kan tsohon gidan. A gindin kanyar nan aka binne innarta da 'yarsu ta fari. In sun iso, sai ya daina tuƙi, ita kuma ta sa hannu a ruwa ta yi addu'arta a zuci. Fasinja sun sani, sukan jira ta gama.

A ƙarshen bazara ta uku ruwa ya janye fiye da yadda aka saba. Suna kan tsohon gidan, hannun Hansatu na cikin ruwa, sai jirgi ya daki kututturen kanyar, ya yi ƙara ya karkace. Katako ya tsage, ruwa ya fara shigowa, ga mutum goma sha ɗaya. Illo ya cusa rigarsa a tsagar ya danne da ƙafa, mata suka yi ta kwarfa da ƙorai har Sahabi ya iso ya kwashe su. Ba a rasa kowa ba, amma kwana uku Illo bai iya haɗa ido da mutane ba. Ya san awo ɗaya ya yi, a lokacin cikar ruwa, kuma ya san dalilin da bai koma ba.

Abin da ya fi masa nauyi shi ne gaya wa Hansatu cewa daga yau jirginsa ba zai ƙara bi ta wurin ba. Ya same ta tana gyaran kifi, ya yi ta kewaye-kewaye. Ta bar shi ya gama, sannan ta tashi ta ɗauko wani babban gora da ta yi wa zanen wuta irin na ƙoran aurenta, ta shafe wuyansa da jan garura.

"Maigida, tahi ka ɗaura," ta ce. "Inna ba ta son a ce ita ta ci ɗiyan mutane."

Ya je shi kaɗai ya ɗaura. Ya daɗe a wurin kafin ya juyo.

Ranar kasuwa suka bi sabuwar hanya, nesa da kanyar. Illo yana tuƙi yana satar kallon matarsa, zuciyarsa duk ba daɗi. Sai ya ga ta miƙe wuya, ta kare rana da hannu. Can ga jan goran yana rawa a bisa ruwa.

"Shekara ukku muna bi ta kai, ban ga komi ba sai ruwa," ta ce a hankali. "Yau ga gidanmu can."

Ta sa hannu a ruwa daga inda take. Illo ya ɗaga filafili ya jira ta.