Hodar Ido a Hannun Mai Ajami

Ni ban taso da hodar ido ba. A gidanmu na Malumfashi kwalliyar mace ba ta wuce kwalli da lalle da man shafawa, kuma da su aka kai ni ɗaki, da su na haifi 'ya'yana. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, malamin zaure ne, kuma bai ware mu mata daga karatu ba. A gabansa na koyi fiƙe alƙalamin gamba, na koyi riƙe allo a cinya, na koyi Ajami har hannuna ya zauna. Boko kuwa ban yi ba, sai 'yan lambobin da nake ganewa a waya. Abin da wannan karatu ya bar mini, ban da albarkarsa, shi ne hannun da ba ya rawa. Shi ya sa matan unguwa suke kawo mini jarirai ranar suna in sa musu kwalli.

Autata ce ta shigo da hodar ido gidan, lokacin da take kwalejin horon malamai. Wani ɗan akwati ne siriri mai madubi a marfinsa, a ciki an jera launuka a layi ɗaya kamar tumatir a faifan mai talla. Babu ja, babu shuɗi, duk dangin ruwan ƙasa ne. A gefe guda akwai mai haske kamar kunun gyaɗa, suna ta ƙara duhu har zuwa ɗaya gefen, inda akwai wani kamar ƙasar fadama bayan an ɗauke ruwa. Kullum da safe takan zauna bakin ƙofar ɗakinta ta shafa, in ta tashi kuma ban ga abin da ya canza ba, sai dai fuskar ta yi fes. Nakan ce mata, "Auta, wannan wace irin kwalliya ce da ba a gani?" Takan ce, "Inna, ai kyanta ke nan."

Bayan ta gama karatu ta daɗe a gida tana neman aiki. Ana cikin kakar masara sai aka kira ta daga wata makarantar firamare a Funtuwa, aka ce ta je intabiyu. Muka yi hamdala. Ba a jima ba kuma jarrabawar Allah ta zo. Tana dawowa daga garin Dayi a bayan mashin, akuya ta gifta, suka faɗi. Hannunta na dama ya karye, aka yi mata ɗori. Ta kuma kurje a fatar idonta na dama. Kurjewar ta warke da wuri, amma ta bar tabo mai haske daga saman gashin ido zuwa kusa da gira, kamar an ɗiga ruwan koko a kan tukunya.

Ana gobe tafiya, da hantsi, na same ta zaune da akwatin a cinya, idonta na hawaye. Ta gwada shafawa da hagu ta tsokane idon da buroshi.

Ta ce, "Inna, ni ba zan je ba."

Na ce, "Saboda hannun?"

"Hannu ai kowa ya gani ya san karaya ce, zai ce mini sannu. Ido kuwa kallo za su yi su yi shiru. Ina magana suna kallon tabon. Ni kuma in na ga ana kallo sai bakina ya sarƙe, kin san halina."

Na san halinta kuwa. Tun tana ƙarama in baƙo ya zura mata ido sai ta manta ko Fatiha. Na so in yi mata wa'azi a kan cewa tabo ba ya hana rabo, amma na ga ba wa'azi take bukata ba a ranar. Yayyenta mata suna gidajensu, ɗaya a Tsiga ɗaya a Mahuta, kowacce na fama da masu aikin gona. Sai na miƙa mata tafin hannuna.

Na ce, "Ga hannu. Ke ki zama baki, ni in zama hannu. Abin da ya iya sa wa jariri kwalli bai tsokane shi ba, ba zai gaza a kanki ba."

Ta dube ni, ta dubi hannun, ta ce to a gwada bayan la'asar, in bai yi ba shi ke nan, ta haƙura da Funtuwa.

Da muka idar da salla na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, gefen masarar da Malam maigidana ya shanya. Auta ta wanke fuska ta goge, ta ba ni akwatin da buroshi, ta ɗaga haɓa ta rufe ido biyun.

Ta ce, "Abu ne mai sauƙi. Ki fara da na farko. Ki shafe fatar idon duka, har ƙarƙashin gira."

Na buɗe akwatin na duba. Tun ranar da aka fara ɗora mini allo a cinya, farkon kowane layi a hannun dama yake. Ban tsaya tunani ba, idona ya sauka a dama, kuma a can mai duhun nan yake zaune, ƙasar fadama. Raina dai ya ɗan yi wasiwasi.

Na ce, "Wannan ɗin har gira?"

"Har gira, Inna. Shi ne shimfiɗa."

"Bai yi ƙarfi ba?"

"Ina ƙarfi? Ai shi ko fitowa ba ya yi sosai. Ki cika buroshin, kada ki ji tsoro."

Na ce a raina, yaran zamani sun fi mu sanin kayansu. Na yi bisimilla na cika buroshi, na shafe ido biyun tas, har gira kamar yadda aka umarce ni, ban bar ko ɗigon fili ba. Ta ce in ɗauki na tsakiya in bi inda fatar take naɗewa, na bi, bai nuna ba. Ta ce in ɗebi na ƙarshe kaɗan in sa a wutsiyar ido, in yi hankali da shi don shi ne mai faɗa. Na ɗebi mai launin kunun gyaɗan nan da tsoro-tsoro na ɗiga. Na ja da baya na duba aikina. Tabo kam ya ɓace, ba shi ba alamarsa. Sai dai abin da ya maye gurbinsa ban san sunansa ba.

Daidai nan Malam ya yi sallama ya shigo daga gona, buhu a kafaɗa. Ya tsaya cak. Ya sauke buhun a hankali.

Ya ce, "Subhanallahi. Mashin ɗin ne ya biyo ta har gida?"

Auta ta buɗe ido, ta karɓi akwatin da hagu ta ɗaga madubin. Ta ƙura wa fuskarta ido, na ce a raina shi ke nan na kashe mata Funtuwa da hannuna. Can sai na ga kafaɗarta na motsi. Dariya ta kama ta, irin wadda ba ta yi ba tun ranar faɗuwar, tana yi tana tallabe ɗorin tana cewa, "Wayyo hannuna, Baba ka bari."

Da ta samu numfashi ta ce, "Inna, na farko na ce."

Na nuna mata da yatsa. "Ga shi nan."

"Wannan ai na ƙarshe ne."

"A wane allon?"

Malam ya leƙo ya duba akwatin, ya shafa gemu. Ya ce, "Auta, a shari'ance uwarki ce da gaskiya. Sai dai waɗanda suka yi akwatin 'yan boko ne, ta hagu suke shiga gida."

Ta ce, "To da kika ga ya yi baƙi haka ba sai ki yi magana ba?"

Na ce, "Na tambaye ki, kika ce ko fitowa ba ya yi."

Muka sake ɓarkewa. Malam ya ce in dai haka za ta je, to ba ta bukatar intabiyu, yara na ganinta za su nutsu da kansu.

Ta wanke fuskar da sabulu, muka sake zama. Ta fara koya mini cewa in riƙa farawa daga hagu. Na ce mata hannun da ya tsufa yana farawa daga dama ba zai sauya hali a yini ɗaya ba, gobe da safe ma zai iya komawa gidan jiya. Sai na juya akwatin, madubin ya dawo ta wajen cikina. Mai haske ya koma dama, mai duhu ya koma hagu, layi ya miƙe yadda nake karantawa. Auta ta ce ita a duk ƙawayenta ba ta taɓa ganin mai riƙe shi a kife ba. Na ce yau ta gani.

Wannan karon ido ɗaya ta rufe, ɗayan na kan madubin ɗakinta da ta jingina a turmi. Na ɗebi mai haske, ta ce in ɗan buga buroshin a bakin akwatin kafin in kai fuska. Wannan ban sha wahalarsa ba, don haka ake yi wa alƙalami a bakin kurtu, kada tawada ta yi yawa ta ɗiga a allo. Na shimfiɗa mai hasken a fatar ido, tabon ya fara sajewa da abin da ke kewaye da shi. Wahalar ta zo ne a na tsakiya. Da aka ce in bi naɗin ido, sai na ja layi miƙaƙƙe mai kaifin baki, wanda da mahaifina zai gani da ya sa mini albarka.

Auta ta ce, "Inna, ba rubutu kike yi ba. Kada a ga inda ya fara da inda ya tsaya."

Na ce, "Ni duk rayuwata abin da aka koya mini shi ne a ga bakin harafi."

Ta yi ɗan tunani ta ce, "In kin kwashe tuwo, yaya kike yi wa malmala da mara?"

Nan na gane. Na sassauta riƙon, na kama buroshin daga can ƙarshensa, na riƙa kai shi ina dawo da shi a hankali har layin ya narke. Mai duhun kuwa, wanda ɗazu na yi wa yayyafin hannu sake, yanzu bakin buroshi kawai na taɓa masa, na sa a wutsiyar ido na murje shi zuwa ciki. Kafin a kira magariba mun maimaita har hannuna ya haddace. Ba ta ce za ta je ba, amma na ga ta ciro mayafinta mai ruwan toka ta ce in taya ta gogewa.

Washegari bayan asuba na ce ta sabunta alwala tukuna, don kada a gama aiki ruwa ya wanke. Muka jira gari ya yi haske, muka fito bakin ƙofa. Ta miƙo mini idon hagu, wai a fara da mai lafiya hannu ya saba. Na ce a'a, a akwati na bi tsarinku da dabara, amma a jikin mutum da dama ake farawa. Na yi bisimilla na fara da idon mai tabo. Tsakar gida shiru, sai kaji da ke tsattsagar masara da ƙarar motocin farko a titi. Numfashinta na sauka a wuyan hannuna kamar lokacin da take jaririya ina sa mata kwalli. Da na gama na zizara mata kwallina na tandu siriri, wannan kam ba wanda zai koya mini.

Malam ya fito da hularsa a hannu zai raka ta tasha. Ya ƙare mata kallo ya ce, "To ku yi sauri ku fara mana, mota ba za ta jira ba."

Na ce, "An gama."

"An gama me? Ni ban ga komai ba."

Auta ta dube ni ta madubi tana murmushi. Ta ɗauki jakarta da hagu, ta durƙusa na dafa kanta na yi mata addu'a, suka fita.

Yinin nan na ɓare masara fiye da ƙa'ida, ina yi ina salati, kunnena na ƙofa. Bayan la'asar Auta ta yi sallama. Tun daga yadda ta cire takalmi na san labarin, amma na bari ta sha ruwa.

Ta ce shugabar makarantar da malamai biyu ne suka zauna da ita. Duk tambayar farko a kan hannu ce: garin yaya, wa ya yi ɗorin, Allah ya ƙara sauƙi. Daga nan aka kai ta aji aka ce ta koyar da yara ƙidaya. Tun da ba ta iya rubutu a allo, sai ta sa yaran suka fito gaba suka zama lambobin da kansu, ajin ya kaure da dariya. An ce ta fara aiki da zarar an kwance ɗori.

Na ce, "Idon fa?"

Ta ce, "Wallahi Inna, sai a mota ina dawowa na tuna da shi."

Na yi hamdala, sannan na ce to ni dai an cuce ni, na yi aikin da ya fi kowace zayyana wuya, kuma babu wanda ya gani balle ya yaba.

Har aka kwance ɗorin ni nake yi mata duk ranar da za ta fita unguwa. Tabon ya daɗe da bajewa, yanzu sai ka matso sosai za ka gane wurin. Tana koyarwa a Funtuwa, hannunta ya koma aikinsa. Amma duk hutun da ta zo gida, da safe sai ta fito bakin ƙofa da akwatin, ta juya shi madubi ta wajena, ta ajiye mini a cinya, ta ɗaga haɓa ta rufe ido.