Kisan da Na Sata a Bilbis

Kisan da aka fi tunawa da ni a kansa ba nawa ba ne. Sato shi na yi, da rana tsaka, a gaban jama'a. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, ba zan iya yi wa maganar ado ba, yadda ta faru zan faɗa.

A dambe ba sai an sumar da mutum ba. Da gwiwarka ko hannunka ya taɓa ƙasa a cikin fage, an kashe ka ke nan, makaɗa su juya wajen abokin karawarka. Ni mahauci ne, haihuwar Wanke, kuma a ƙuruciyata na kashe mutane da yawa ta wannan hanya. Akwai lokacin da in na shiga gari da kaka, yara sukan bar tallarsu su biyo ni.

Lokacin da nake ba da labarinsa ba a daɗe da ba mu jiha ba. Gusau ta cika da baƙi ma'aikata, ba wanda ya san ni a cikinsu. Mutum zai tsaya gaban teburina ya ce, "Mai nama, ban da ƙashi." Ni kuwa sai in naɗe hannun riga har kafaɗa don ya ga tsagar maganin da ke dantsena, ko ya tambaya. Wata ma'aikaciyar jinya ce kaɗai ta taɓa tambaya, ita ma cewa ta yi in zo a duba ko ƙazuwa ce. Furfura ta gama da gemuna, gwiwoyina kuma sai da man zafi suke yarda su kai ni masallaci. Duk da haka ban taɓa cewa na bar dambe ba. Cewa nake ina hutawa.

Da aka gama yankan dawa na ji za a yi wasa a Bilbis. Na ce wa matata kallo zan je. Ta ga na shiga ɗaki na daɗe, na fito hannun dama a ɓoye cikin babbar riga.

"Malam, mi kaka ɓoyewa?"

"Sanyi hannun yake ji."

"Sanyin da ke sa a naɗa zare? To, Allah shi maido muna kai da haƙoranka."

Haka na shiga mota da hannu a naɗe. Da hagu na miƙa kuɗin mota, kwandasta ya dube ni ya ce bai taɓa ganin dattijo marar tarbiyya irina ba. Na haɗiye.

A Bilbis aka zaunar da ni cikin tsofaffi, aka ba ni goro. Wannan goron ya fi zagin kwandasta ciwo. Bayan la'asar fage ya cika, sai ga wanda kowa ya zo dominsa ya fito. Ɗan aminina ne, marigayi, wanda muka yi yawon dambe tare da shi. Ni na feɗe ragon sunansa. Yanzu ya zama ƙato, shi ke jan ɓangarensu, kuma tunda ya fara wasa gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Wannan ne duk abin da ya mallaka a duniya, shi da wani tsohon keke. Ya zagaya fage sau biyu yana neman abokin karawa, 'yan ɗaya ɓangaren kowa ya sami abin gyarawa a zarensa.

Sai babban makaɗin ya hango ni. Tsohon sani ne. Don gaisuwa kawai ya ɗan taɓa takena a kalangu, wato kiɗan da aka san ni da shi, bai fi numfashi uku ba. Ni kuwa jikina ya ɗauki tsuma. Na tuɓe babbar riga, ta maƙale a wuyana sai da wani tsoho ya taya ni cirewa. Na shiga fage da hannu a sama, tumbina yana gaba ina biye.

Ɗan aminina ya juyo ya gan ni. Bai yi wani tunani ba, abin da uwarsa ta koya masa ya yi. Ya zube, gwiwa biyu a ƙasa, hannun da ya naɗe shi ma a ƙasa.

"Baba, ina wuni? An zo lafiya? Ya mutanen gida?"

Na ɗora dunƙulen hannuna a kansa. Duk mai ido ya ga albarka ce ake sa wa yaro. Ni ma da farko ita na yi niyya. Amma ina jin gashin kansa a ƙarƙashin zaren nan, ga kalangu, ga jama'a, sai wani abu ya shiga raina. Na ɗaga hannu na yi kururuwa, na fara kirarin da na yi shekaru ban yi ba.

'Yan ɗaya ɓangaren da suka rasa yadda za su yi da shi suka ruga cikin fage. "Kisa! Kisa ne! Gwiwa ta taɓa!" Nasa suka ce gaisuwa ce. Aka yi ta musu har wani ya ce ai dokar ba ta ce ban da gaisuwa ba. Alƙalin wasa ya zo gabana.

"Baba, kai za ka raba gardamar ga. Dambe ka shigo ko gaisawa?"

Yaron yana nan durƙushe, don ban ba shi izinin tashi ba. Ya ɗago yana dubana, yana ɗan murmushi, yana jiran in ce wa mutane su bar wasan banza.

Na ce, "Dambe."

Aka ɗauke ni a kafaɗa. Mutum huɗu suka ɗauka, ɗaya ya ce a ƙaro mutum.

Wata biyu na yi ina cin wannan ƙarya. Teburina ya cika da masu son ganin hannun. Ranar farko na ce a ka na same shi. Kafin mako ya zagayo na ƙara cewa sai da na yi masa gwaji da hagu. Daga baya har turmi uku muka yi, wato zagaye uku, na ɗan ji jiki a na biyu. Matata tana ji ina ba baƙi labari a zaure, in na shiga ciki sai ta durƙusa ta ajiye mini tuwo ta ce, "Ga ni nan ni ma na mutu, a kira makaɗa."

Abin da ya sami yaron kuwa a kasuwa nake jinsa, ina dariya tare da masu dariya. A wasan Tsafe yana fitowa sai abokan hamayya suka turo wani tsoho mai sayar da goro cikin fage, da farantinsa. Jama'a suka ɗauki ihu, "Gai da Baba! Gai da Baba!" In ya durƙusa an kashe shi, in ya tsaya ƙiƙam ya yi wa dattijo rashin kunya. Ya tsaya yana ɗan rusunawa rabi da rabi kamar mai ciwon baya. Daga nan ya zama al'ada. Duk garin da ya je, sai an nemo wanda ya fi kowa tsufa an ajiye a bakin fage, har da wani makaho da aka ɗauko a amalanke. Matasan da a da suke tsoron haɗa ido da shi suka riƙa shafa toka a gemu suna fitowa. Hankalinsa ya rabu, wani ɗan ƙaramin ɗan dambe ya kusa kai shi ƙasa. Ɓangarensu suka ba wani jagoranci.

Bai taɓa ƙaryata ni ba, ko sau ɗaya. Wata Juma'a ma ya biyo ta kasuwa ya gaishe ni yadda ya saba, har ƙasa, a gaban teburin nama. Wani mai sayen hanta ya ce, "Biyu ke nan." Na yi dariya. Allah ya gani, na yi dariya.

Bayan kwana kaɗan uwarsa ta zo gidana. Ba ta shiga wajen matata ba, a bakin zaure ta tsaya, ta juya mini gefe kamar yadda ta saba tun mijinta yana da rai.

"Malam, ban zo faɗa ba. Ubansa bai bar masa gona ba, bai bar masa shanu ba. Ladabi na koya masa, shi kuma ya nemo suna da hannunsa. Ka sa ɗaya ya cinye ɗaya. Yanzu in ya gan ni da safe sai ya tsaya yana tunani kafin ya gaishe ni."

Ta tafi ba ta sha ruwan da aka kawo ba.

Matata ta ce maganin mai sauƙi ne, in tsaya a kasuwa in faɗi gaskiya. Ga wani laifin nawa kuma: na ga faɗuwa ta fi mini sauƙi a kan in ce na yi ƙarya. Wanda aka kashe a fage ɗan dambe ne har yanzu. Na yanke shawara in je wasan Rawayya, in kira shi ramuwa, ya taɓa ni in faɗi, sunansa ya dawo, nawa kuma bai tafi duka ba.

A Rawayya mutane har kan itatuwa. Ya ƙi fitowa sai da na aika masa cewa umarni ne. Ya shigo ya tsaya, gwiwoyinsa suna son su lanƙwashe don gaisuwa, yana hana su. Muka ja daga. Na matsa kusa na ce a hankali, "Taɓa ni ko ina, ni zan yi sauran."

"Baba, ba ni iyawa."

"Don ubanka taɓa ni!"

Ya ɗan dafa kafaɗata kamar mai kore ƙuda. Na saki jiki na yi baya, na rufe ido ina jiran ƙasa. Ban same ta ba. Ya tare ni da hannu biyu, ya tsayar da ni, har yana kaɗe mini ƙurar da ban kwasa ba.

"Sannu, Baba. Jiri ne?"

A turmi na biyu na gwada faɗuwa ta gaba, ya rungume ni. Na gwada ta gefe, ya riga ni isa can. Na yi ƙoƙarin durƙusawa da kaina, gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa da sauri, kafin in kai rabi ya sa hannu a hammatata ya ɗago ni. Ina zaginsa yana ba ni haƙuri. Makaɗa suka kasa kiɗa don dariya. Alƙalin wasa ya ce, "Jama'a, wanga dambe ne ko jinya?"

A na uku numfashina ya ƙare. Ina rataye a hannunsa kamar rigar da aka shanya, na ce, "Sake ni in faɗi, na roƙe ka."

Ya ce, "Baba, in na bar ka ka faɗi a gaban mutane, mi zan ce wa Inna?"

A nan na gane ba wata hanya sai wadda matata ta faɗa. Na ce ya juya ni wajen jama'a. Ya juya ni. Na ɗaga murya iyakar abin da ya rage mini, na ce ban kashe shi a Bilbis ba, gaishe ni ya yi, ƙarya na yi, ni ne maƙaryaci.

Na zaci wurin zai yi tsit. Wani daga kan itace ya ce, "Baba, ai kowa ya sani!" Aka sake fashewa da dariya. Wani ya ce shi ma yana Bilbis, a gabansa aka yi. Ashe duk masu zuwa teburina ganin hannu sun sani, suna sa ni in maimaita ne don su ji turmi nawa ya zama yau. Kuma saninsu bai hana su turo masa tsofaffi ba, ba zai kuma hana su gobe ba. Alƙali ya ce babu kisa, aka kira wasu biyu.

Shi ya kwance mini zare, don yatsuna sun kumbura. Ya ɗora ni a kekensa ya tura har bakin hanyar Bungudu inda ake samun mota. A hanya ya gaya mini in damina ta kusa zai tafi kudu, wajen mahautanmu da ke can, inda ake dambe kuma ba wanda ya san labarin. Ya tafi ɗin. Uwarsa ta ƙarasa shekarunta da saƙon da direbobi ke kawowa. Ni kuma tun daga Rawayya in an tambaye ni sai in ce na bar dambe.

Kafin motar ta tashi na leƙo ta taga na ce ya yafe mini. Ya ce, "Ba komai, Baba. A gai da mutanen gida." Haka zai ce ko ya yafe ko bai yafe ba, don haka aka rene shi. Shi ya sa har yau nake roƙon Allah a kan wannan magana, ban sa ta cikin waɗanda aka gama ba.